Kada Inna Ta Ce Na Rame

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna, da 'yan ƙiriniyarki? Ni lafiya lau, aikin wanki a otal yana tafiya.

To, lafiyar dai da sauƙi. Ramar da kika gani a hoto ba gajiya ba ce. Tsoron abinci nake ji, in na ci sai na amayar. Ranar da jiri ya kayar da ni a wurin aiki, likita ya haɗa ni da wata mata mai taimaka wa irinmu. Takan zauna da ni a tebur da nata farantin. Jiya na tasa burodi da ƙwai a gaba ina kuka, ta ce, "Ba sauri muke yi ba, ƙanwata. Loma ɗaya tukuna." Rabi na iya ci.

Roƙona ɗaya. Idan na kira, ki lallaɓi Inna kada ta ce na rame, kada kuma ta ce na yi kumatu. Na san ƙauna ce, amma washegari abinci gagarata yake yi.

Allah ya bar zumunci. In kun zauna cin abinci, ku sa ni a addu'a.

Taki,
Auta