A Gyara Mini Lori, Ko a Maido Mana da Gugan Rijiya

Zuwa ga Manajan kantin motoci na Gusau,

Ranka ya daɗe. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu cin abinci a ƙarƙashinka. Ni ne Malam Haruna Maigyaɗa na Bungudu, dattijon nan da masinjanka ya gaji da shimfiɗa wa tabarma a bakin ofis. Tun da ƙafata ta kasa kai ni gabanka, na ce bari in aiko da maganata ta jarida, ita ba ta jiran iso.

Gab da faɗuwar damina na sayi lori a kantinku. Shanun da mahaifina ya bar mini na kaɗa kasuwa, dangi suna ta cewa na musanya abin da ke haihuwa da abin da ke shan mai. Ranar da aka ba ni makulli, Baturen injiniyanku ya sa tafinta ya yi mini bayanin garanti: har wata shida, in inji ya lalace, gyara naku ne. Sharaɗi biyu ya kafa. Kada a zuba mata baƙin mai sai naku, na koren galan mai lamba talatin. Kada kuma makanikin waje ya taɓa injin. Na ce na ji, na riƙe. To, ga yadda riƙon ya ƙare.

Na ɗaya. Ban taɓa ba ta wani mai ba. A kasuwar Tsafe akwai masu auna baƙin mai da kwalba daga duro, mai araha, kowane direba can yake tsayawa. Direbana Ɗanjuma ya sha yi mini magiya, yana cewa mai mai ne. Na ƙi. Ko da ruwa ya ɓata hanya a tsakiyar damina, baƙin mai kuma ya ƙare mana, lori ta kwana biyu a tsaye, ni kuma na hau jaki zuwa Gusau na sayo galan a kantinku. Har waƙa aka yi mini a tasha, wai motar Malam Haruna 'yar sarauta ce, ba ta cin tuwon maƙwabta. Na shanye, don ina ganin mai alkawari da Bature ba ya jin kunyar dariyar 'yan tasha.

Na biyu. Da kaka ta kama, lori ta ɗauko gyaɗa daga Kuceri za ta tashar jirgi. Ta wuce Tsafe kaɗan, inji ya yi ƙara kamar ana sussuka a cikinsa, ya yi shiru. Makanikai biyu suka zo da kayan aikinsu, na hana su ko leƙawa. Wata motar ta jawo ta har harabarku, inda take yanzu, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Na uku. Akawunku ya ce ba za a buɗe injin ba sai na kawo shaidar cewa manku na riƙa zubawa. Ya nemi rasit. Ranka ya daɗe, ba a taɓa miƙo mini takarda a kan teburin kanti ba, ni ma ban san ana roƙa ba. Wa ya taɓa sayen gishiri ya nemi takarda? Na ce a kira ma'aikacin kantin da ke miƙo mini galan, ya san ni, har tambayar lafiyar jakina yake yi. Aka ce an mai da shi wani reshe, kuma baki ba shaida ba ne. Daga ƙarshe akawu ya tausaya, ya ce in kawo galan-galan ɗin da na juye, wofinsu.

Na huɗu, nan ne maganar take. Wataƙila a ƙasarku gwangwani yakan zauna wofi har ya tsufa. A Bungudu ba ya kwana. Tun mai bai gama tsiyayewa ba an riga an aiko yaya za a yi da galan. Ɗaya na ba unguwa, aka sa masa igiya ya zama gugan rijiyarmu. Ɗaya maƙeri ya yanka ya fitar da fitilun aci-balbal, biyu na masallaci, guda ɗiyata ta tafi da ita gidan mijinta a Mada. Ɗaya ya zama mazurarin mai sayar da kananzir. Ɗaya uwargidana ta wanke da toka tana ajiyar irin kuɓewa saboda ɓera. Ban ɓoye ko ɗaya ba, don ba wanda ya ce mini shara ce za ta tsaya mini a gaban alƙali.

Haka na bi gida-gida, da furfurata, ina karɓar kyautar da na bayar da hannuna. Wanda bai taɓa yin wannan ba bai san nauyin sallama ba. Liman ya juye man fitila a kasko ya miƙo mini. Matan unguwa kuwa sun ce abin da suka ce. Na ɗaure kayan a buhu, ina tafe suna ƙara kamar jakin 'yan koli, na zube su gaban akawu.

Ya ɗaga guga, ya ce ruwa ya cinye fenti, ba a gane kore ne ko shuɗi. Ya ɗaga fitilar liman, ya ga rabin lamba. Na ce sauran rabin na jikin fitilar Mada, ban samu zuwa ba. Ya yi dariya har da hawaye, ni ma na taya shi, don ban ga abin da ya saura ba. Sannan ya kulle buhun a sito, ya ce sai injiniya ya dawo daga hutu ya duba.

Na biyar. Wata shidan nan zai cika da mutuwar watan da muke ciki, injiniya kuwa ba wanda ya san ranar dawowarsa. In na kira makanikin waje, na kashe garanti da hannuna. In na jira, ya mutu da kansa. Gaba kura, baya sayaki. Gyaɗar da na yi alkawarin kwasa, motocin da ke shan man duro su ke kwashe ta, suna wuce ni da ƙura, lafiyarsu ƙalau.

Muna yara kakata takan ba mu labarin mutumin da aka ce ya kawo shaidar furar da ya sha bara. Muna dariya, muna cewa ƙarya ce. Allah ya jiƙanta, ashe ni take nufi.

Roƙona, ranka ya daɗe, ba shi da yawa. Ka sa a buɗe injin nan kafin wata ya mutu. Man da ke cikinsa bai zama fitila ba, yana nan, masana su shinshina su faɗi na wane ne. In na wani ne, na yafe lori. Ka kuma sa tafinta ya riƙa gaya wa duk mai sayen mota sharaɗi na uku, wanda ni ba a gaya mini ba: ya hana maƙwabta gwangwani.

In duk wannan ya fi ƙarfinka, to ka sa a buɗe sito a ba ni buhuna. Shanu ba za su dawo ba, na sani. Amma liman yana jiran fitilarsa, matan unguwa kuma da ƙwarya suke jan ruwa, kullum na wuce rijiya sai su yi shiru.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka da ranar da za a nemi shaidar gaskiyarka a rasa.

Wassalam.

Malam Haruna Maigyaɗa,
Bungudu.