Ruwa Mai Haske da Hannun Auta

Zuwa ga Malamar aji huɗu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya yara? Ni ce mahaifiyar Auta, mai zama kusa da taga.

Malama, hankalina a tashe yake. Kwana uku ke nan Auta ba ta cin abinci. Ta cusa hannunta na dama cikin safa, ta hana kowa taɓawa, ko jaririn goyona ta daina ɗauka. Jiya ta raba wa ƙawayenta 'yan kunnenta, ta tambaye ni wa zai gaji katifarta. Da ƙarfi na cire safar, sai ga yatsunta da ɗorawar kala. Ta ƙi faɗa mini komai, amma daga makaranta ta dawo da shi. Mai kemis ya ce in tambayi sunan abin da ta taɓa kafin ya ba da magani.

Don Allah me kuka ba yarinyata ta taɓa? Ko keken ɗinkina na kasa takawa.

Ki huta lafiya,
Maman Auta

*

Zuwa ga Maman Auta,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa.

Ba guba ba ce, wallahi. Tawadar alƙalamin rubutu mai ɗorawar kala ce na jiƙa a kwalbar ruwa. Na rufe tagogi, na haska shuɗiyar tocila, ruwan ya yi haske. Ina ba yaran labarin wata masaniyar kimiyya ce, wadda ta gano sinadari mai haske a duhu, ta yi ta aiki da shi hannu tsirara har ya lalata mata jini, ta rasu. Don darasin ya yi armashi na ƙanƙance murya na ce, "Kada wanda ya taɓa kwalbar nan!" Aka kaɗa ƙararrawa, na fita na bar ta kan tebur. Ban gaya musu namu na wasa ba ne.

Sabulu zai wanke shi. Ki karanta mata takardar nan yanzu, ki yafe mini. Kunya ta ishe ni.

Taki,
Malama

*

Malama,

Ina wuni. Mama ta karanta mini, na wanke, na ci abinci har da ƙari.

Amma ki yi sauri. Mu bakwai ne muka tsoma hannu. Mun rantse ba za mu faɗa ba, don kada a kore ki daga aiki. Sauran shidan suna gida suna jira su mutu.

Ɗalibarki,
Auta