Awa Takwas da Suka Rage

Unguwar Garko,
Haɗejiya.

Zuwa ga ƙanena Ja'afar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gajiyar Legas, Allah ya sa kai da Bushira da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu nan mun gode Allah. Kogi ya yi ambaliya bana, ya cinye mana rabin shinkafar fadama, amma bai taɓa gida ba. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida.

Ja'afar, raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi. Ɗanka na makarantar tuƙin jirgi ya kira ni shekaranjiya, muryarsa a sanyaye. Ya ce shaidar da yake nema yanzu, ta tuƙi cikin gajimare inda matuƙi ba ya ganin ƙasa sai na'ura, ba a shiga jarrabawarta sai an cika awa arba'in ana koyo. Shi talatin da biyu ya yi, damina ta hana jiragensu tashi. Sai ga kawunsa, wanda ya kamata ya ce masa ya yi haƙuri, wai ka ce kana da abokin da zai sa hannu a littafinsa na lissafin awannin tuƙi a cike takwas ɗin a zaune. Da na tambayi dalili, sai ya ce ka riga ka buga katin walimar gama karatunsa da hotonsa, ka aika Miga da Birniwa, har ɗan'uwanmu Tasi'u ya ware bijimi, kuma ka ce ɗage rana abin kunya ne ga dangi. Wa ya aike ka? Mu da muka haifa ba mu sa rana ba, kai da ko kwalekwalen Kirikasamma ka shiga sai ka rufe ido kana salati, kai ne ka san awa nawa ta ishi mutum a sama?

Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na gane wannan. Ranar da hadari ya rufe shi da mutane a bayansa, sa hannun abokinka ba zai sauko da su ba. In kuma aka gano, korarsa za a yi, shekara huɗu ta tafi a banza.

Abin da ya fi ƙona min rai, bai ce maka a'a ba, domin yana jin nauyinka. Littafin na jakarsa, Jumma'a zai kai wa abokin naka. Ka san ɗan fari ne, shekara ashirin da shida ban taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa. Shekaranjiya na kama. Na ce masa Abdulmannan, in ka kai littafin nan ban yafe ba. Sai na ji yana kuka, ni ma na yi. Kai ka ja min wannan.

Na riga na aika wa Tasi'u ya mayar da bijiminsa garke. Masu kati ni zan bi su gida-gida, kunyar a kaina. Kai abu ɗaya ya rage maka: ka kira shi kafin Jumma'a, ka janye maganarka da bakinka.

Ka gaishe da Bushira, da Adila da Haris. Inna na gaishe ka, ban faɗa mata ba tukuna.

Yayarka da ke jiran ta ji ka kira,
Bara'atu.