Na gyara wa 'yata labarin Girkawa, yanzu tana tambayar na ubanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai kula da zaure don Allah a sakaya sunana. Shawara nake roƙo, kuma kafin ranar Asabar nake buƙatar ta.

Ni matar aure ce a Samaru, iyakacin karatuna sakandare. Ina aji uku aka ba ni kyautar wani ɗan littafin Turanci, labarin Girkawan da ne aka taƙaita wa yara, na wani sarki da ya tafi yaƙi ƙetaren teku ya shekara ashirin bai dawo ba, matarsa tana jira, manema sun cika mata gida. Da na haifi 'yata ta fari, shi nake ba ta in ina mata kitso don ta zauna. Amma gyara shi nake yi. Gumakansu duk na cire, inda aka ce gunkin teku ya yi fushi sai in ce Allah ya kawo guguwa. A ƙarshe kuma sai in ce da ya dawo ya yafe wa kowa, don ba na son ta tashi da labarin jini a ka.

Bana ta shiga jami'a, sashen Turanci. Malaminsu ya ba su aikin kwatanta fim ɗin da aka yi a kan labarin da ainihin tsohuwar waƙar. A aji yana bayanin yadda sarkin ya kashe manema, aka kuma rataye kuyangin gidan, sai 'yar nan ta ɗaga hannu ta ce ba haka ba ne, ya yafe musu. Ya ce a wane bugu ta karanta? Ta ce Ummanta ce ta faɗa mata. Aji ya fashe da dariya. Yanzu ko a bakin get suka hango ta sai su ce ga Umma-ta-ce nan, wani ma ya ce ta gaishe da farfesan kicin.

Ta aro cikakken littafin a laburare, ta hayo kaset ɗin a Sabon Gari, ta ce in zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Masu fim sun bar wa sarkin jarumtarsa, sun rage muguntar. Ɗan littafina ya tsallake shekarun da ya yi a wani tsibiri da wata mace, matarsa na can tana kuka. Nawa kuwa ya fi kowanne nisa da asali. Ba ta yi min tsawa ba, ba halinta ba ne. Ta dai rufe littafin ta ce, Umma, labarin Abba ma haka kika gyara shi?

Wallahi ta gano ni. Domin haka ne. Tun tana ƙarama na ce mata mahaifinta ya rasu a hatsarin mota yana hanyar dawowa gida ya gan ta. Gaskiyar ita ce tana wata takwas ya tafi Fatakwal neman aiki, wani direba ya kawo min takardar saki, ya yi aurensa a can, bai taɓa aiko da ko sabulu ba har ya rasu tana shekara huɗu. 'Yan kunnen da take ji da su, waɗanda na ce tsarabarsa ce aka tsinta a jakarsa, ni na saya a kasuwar Samaru. Duk Juma'a sai ta yi masa sadaka. Mijina na yanzu, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama, bai taɓa tona ni ba.

Na ce mata tuwo zai kama, na tashi. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta daina kawo min kanta kitso. Jiya ta ce Asabar za ta Muciya wajen gwaggonta, yayar uban, ita kuwa matar nan ba ta iya tauna magana ba, kuma har yau tana cewa ni na kore shi da baƙin hali.

Mijina ya ce in faɗa mata komai, yarinya ta girma. Malamarmu ta Islamiyya, da na tambaye ta a kaikaice, ta ce alherin mamaci ake ambata, amma ƙarya ƙarya ce, in yi istigfari. Ni tsorona biyu. In na faɗa, ta daina yi masa addu'a, alhali yanzu ya fi buƙatar ta, kuma ni na jawo. In na yi shiru, ta ji a bakin gwaggo, to ko sunana na faɗa mata ba za ta ƙara yarda ba.

Iyaye mata da ke zauren nan, da ku da kuka tashi ba uba, don girman Allah ku faɗa min. In zaunar da ita kafin Asabar? In kuwa zan faɗa, duka zan faɗa har 'yan kunnen, ko akwai abin da ya halatta uwa ta rage?