Hadiza Ba Ta Zuwa Bakin Gulbi

Jega, daren Laraba

Yau ma Inna, uwar maigidana, ta zo da zancen nan. Wai ɗiyata Hadiza 'yar ruwa ce, tunda shekara huɗu ko zama ba ta yi. Wai a kai ta bakin gulbi a juya baya, in 'yar ruwa ce ta zama macijiya ta koma gida cikin ruwa.

Na ce, "Inna, ni na sha naƙudarta, kuma mutum na haifa."

Likita ya ce wahalar haihuwa ce ta taɓa ƙwaƙwalwarta, in riƙa miƙar mata da gaɓoɓi. Kullum ina yi. Da la'asar ta riƙe ludayi da kanta, koko har kunne!

Gobe akwai suna gidan Inna. Zan yi mata kitso, mu zauna tsakiyar tabarma. Mai kallo shi kalla.