Sakamakon Binciken Ƙirjina

Leeds, Ingila
Nuwamba, 1986

Zuwa ga Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna. Yaya cirar auduga a Maska? Allah ya sa albarka.

Karatu yana tafiya, ina kuma cin abinci, kada ku damu. Sai dai tarin nan bai tafi ba. Hoton ƙirji ya nuna kaluluwa sun kumbura tsakanin huhuna. Likita ya zura siririn bututu ta maƙogwarona, ya soka allura ta jikin hanyar numfashi, ya ɗebo ɗan nama don bincike. Ban ji zafi sosai ba.

Da sakamako ya fito, na roƙi likitan ya rubuto maka, tunda a gida babban wa ake faɗa wa, ba majinyaci ba. Ya ƙi, wai a nan mai jiki ake faɗa wa. Ya dube ni ya ce ciwon daji ne. Na ce alhamdulillahi, na ɗauki jakata na hau bas. Har yau ban yi kuka ba. Ko tawakkali ne, ko bushewar zuciya, ban sani ba. Ina tuhumar kaina bayan kowace salla. Likitoci sun ce akwai magani.

Roƙona ɗaya ne, Yaya. Kada Inna ta ji a bakin kowa. Ka je da kanka, ka zauna, ka fara da cewa ina ɗan fama da tari. Sauran ka riƙe shi tukuna.

Ƙanwarka,
Barakatu