Tsagar Eriyarmu Tana Kallon Yamma

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa na gidan rediyon al'ummarmu da ke Rano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranar Litinin aka miƙo mini takardar dakatarwa daga gabatar da shirin noma da kiwo. Sharaɗin komawata shi ne in fito a rediyo in janye maganar da na yi, cewa rashin jin tasharmu a Kibiya daga eriyarmu yake. Ranka ya daɗe, ba zan janye ba. Ga dalilaina.

Na farko. Eriyarmu bututun ƙarfe ce a tsaye, da tsaga a jikinta daga sama zuwa ƙasa, kuma ta tsagar nan murya ke fita. In bututun siriri ne, murya kan bazu kusan daidai ta kowace fuska. In yana da kauri kamar namu, ƙarfin yakan tattaru ta gaban tsagar, bayanta ya raunana. Zanen da ke cikin littafin da ya zo da eriyar ya nuna haka: siffarsa kamar ƙwayar wake, lotsawar tana baya. Littafin yana ofishinka.

Na biyu. Tsagar tana kallon yamma, dogon ƙarfen da aka ɗaura ta a kai yana bayanta, Kibiya kuwa tana gabas da mu. Na je wurin Malam Sabo, maƙerin da ya taya ɗaura ta, na tambaye shi. Dariya ya yi, ya ce wane mai hankali ne ke buɗe wa gabas ƙofa, alhali daga can hadari ke tasowa? Ko rumbu ba a yi masa haka. Ban ga laifinsa ba, ya kare ta daga ruwa kamar yadda ya gada. Injiniyan da ya kamata ya gaya masa akwai murfin roba da ke tare ruwa ba ya tare murya, shi ne bai zo wurin ba.

Na uku. Kun ce duwatsun Rano ne, kun ce rediyon mutane ne suka tsufa. Na ɗauki rediyo guda da sabon batir na hau babur. Ta yamma, har na gaji da tafiya tashar tana fita tas. Ta gabas, kafin in kai Kibiya ta fara shashsheka, a Durba sai na kwantar da sandar rediyon kafin in tsinci kalma, a Kahu babu komai sai shuu. Wurin da ta fara ɗaukewa fili ne fetal, ba dutse tsakaninsa da mu.

Abin da ya kai ni ga magana a fili shi ne wannan. Da bakina na karanta sanarwar rigakafin shanu kwana uku a jere. Yayana Alhaji Buba yana kiwo a Kahu, bai ji ba, maƙwabtansa ba su ji ba. Ma'aikatan rigakafin suka zo suka zauna gindin bishiya, suka koma da allurarsu, shanu suna daji. Da muka haɗu wajen wani suna ya ce mini, a gaban mutane, ashe ɗan'uwansu na rediyo da mutanen yamma kaɗai yake magana.

Sau biyu na rubuto wa kwamiti kafin in furta komai a rediyo. Ba a amsa ba.

Buƙatuna biyu ne. A kawo injiniya ya auna ƙarfin tashar ta fuskoki huɗu, a karanta sakamakon a rediyo. In awo ya ƙaryata ni, zan nemi afuwa da bakina, in ajiye aikin. In ya gaskata ni, a juya eriyar a sa mata murfi. Kafin nan, duk sanarwar da ta shafi manoma da makiyaya zan kai ta kasuwar Kibiya da lasifikar hannu, wannan kuwa ba ya buƙatar izinin kwamiti.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka.

An gaya mini za a sake zagayowa da rigakafin kafin ruwa ya sauka. Har yanzu ban sami tabbacin ranar ba.

Wassalam.

Mai gabatar da shirin noma da kiwo,
Rano.